Akawun da Ya Fassara Sittin da Huɗu

Ƙarfe bakwai da rabi na safe Baba Akawu yake buɗe ofishin ajiye sakamakon ɗalibai na kwalejinmu, duk da cewa a takarda ƙarfe takwas ne lokacin fara aiki. Yakan jingine kekensa a bangon baya, ya kwance robar da yake ɗaure ƙafar wando da ita, ya buɗe tagogi biyu don warin tsohuwar takarda ya fita. Daga nan sai ya goge kanta da tsumma, ya ɗiga tawada a matashin hatimi, ya buga hatimin sau biyu a bayan wata tsohuwar ambulan ya ga ko yana fita sosai. In bai fita ba, ba zai saurari kowa ba sai ya gyara, ko da layin ɗalibai ya kai bakin matakala. Shekara talatin da huɗu yana wannan, kuma a ƙarshen watan jiya ya miƙa makulli.

An yi masa ɗan taron sallama a ɗakin shan shayi na ma'aikata. An ba shi agogon bango, an yi jawabi uku, duk ukun sun ce shi mutum ne mai zuwa aiki a kan lokaci. Gaskiya ne, amma raina ya ɓaci, domin in zuwa a kan lokaci ne kawai, ai ƙararrawar kwaleji ma tana yi. Ni da na san abin da ya kamata a faɗa, sai na zauna ina ta juya cokali a kofi. Kunya ce ta ɗaure mini baki, don labarin ba ya faɗuwa sai na tona wa kaina asiri. To yau zan tona.

Ni malamin kimiyyar sinadarai ne. Shekara goma sha tara ke nan ina koyar da 'yan ajin ƙarshe darasin awon sinadarai, wato yadda ake gano abin da ke cikin ruwa ko ƙasa ko magani, da kuma yawansa. A ɗakin malamai muna da wata raha da muka gada daga namu malaman: maki ɗari na Allah ne, casa'in na wanda ya rubuta littafi, tamanin na malami, ɗalibi kuma ya nemi rabonsa daga saba'in zuwa ƙasa. Kowa yana faɗa ne ya yi dariya ya wuce, ni kuwa na riƙe ta tamkar doka, har na ƙara mata gishiri. In sabon malami ya ba da saba'in da biyar, sai in leƙa takardarsa in ce, "Ashe yau sadaka ake rabawa?" Ina hura hanci da cewa alƙalamina ba ya arha.

Aikin Baba Akawu a rubuce ba shi da wuya. Ɗalibi ya nemi takardar sakamako, a duba kundi, a kwafe maki, a buga hatimi, a aika inda ya ce. Amma a aljihun teburinsa na ƙasa akwai wani koren fayil da ba ya cikin kayan kwaleji, wanda abokan aikinsa suke tsokanarsa da shi, suna ce masa fasfon Baba. Shi kuwa bai taɓa mallakar fasfo ba, bai taɓa hawa jirgin sama ba, karatunsa ma a makarantar koyon tafireta ya tsaya. Duk da haka, ka tambaye shi yadda ake ba da maki a ƙasashe arba'in da 'yan kai, zai karanto maka da ka. Akwai ƙasar da ɗaya ne makin gwani, biyar kuma faɗuwa, wanda bai sani ba sai ya je yi wa haziƙi jaje. Akwai inda ake auna ɗalibi a kan ashirin, wanda ya ci sha huɗu a yi ta yi masa barka. Akwai kuma inda za ka kai tamanin da biyar gida, uwarka ta taɓa goshinka ta ji ko zazzaɓi ne. Mu a nan saba'in ne rufin ɗaki, wanda ya taɓo shi ya gama.

Anti mai tafireta, wadda teburinta yake manne da nasa tun kafin a kawo kwamfuta, ita ta ba ni labarin asalin fayil ɗin. Shekara ashirin da uku da suka wuce wata wasiƙa ta zo daga wata jami'a ta ƙasar waje, a kan wani ɗalibinmu da ya fi kowa a shekararsu, mai saba'in da ɗaya. Cikin ladabi suka ce sun gode, amma gurbin na masu ƙwazo ne, nan gaba a riƙa turo musu 'yan sahun gaba. Aka miƙa wa Baba Akawu wasiƙar ya jefa a fayil. Anti ta ce a tsaye ya karanta ta har sau uku, sannan ya juyo ya ce, "Anti, ai na sahun gaban muka tura. Lambar ce ba ta jin yarensu."

Daga ranar ya fara rubuta wa makarantun waje, yana tambayarsu yadda suke auna nasu ɗaliban. Wasu suka amsa, wasu suka yi banza da shi, shi kuma duk abin da ya zo sai ya huda ya zura a koren fayil. Sannan ya tsara wani shafi guda da ya riƙa maƙalawa a bayan duk takardar sakamakon da za ta tsallaka iyaka. Shafin yana cewa a kwalejin nan maki mafi daraja daga saba'in yake farawa, kuma a aji mai mutum ɗari da hamsin da ƙyar ake samun uku su kai can. A ƙasa yakan ƙara layi biyu a kan yadda ɗakin gwaje-gwajenmu yake. Na taɓa jin yana yi wa wani sabon ma'aikaci bayanin waɗannan layukan. Ya ce, "Can kowane ɗalibi da na'urarsa. Nan mutum takwas ne a kan ɗaya, ita ma sai an lallaɓa ta. To wanda ya iya aiki a cikin takwas, ai ya kamata su sani, su san wa suke ɗauka."

Ba wanda ya sa shi, kuma bai taɓa samun ƙarin girma a kai ba. Amma akwai ma'aikaciyar jinya da yanzu take koyar da jinya a wata ƙasa mai sanyi, akwai injiniyan gadoji, akwai wasu da yawa da shafin nan ya raka su ba su ma san an maƙala shi ba. Wasu sun dawo, wasu ko waiwaye. In aka yi masa gorin cewa yana taimakawa ana kwashe mana masu ƙwaƙwalwa, ba ya musu. Sai dai ya ce, "Ni ƙofa nake buɗewa. Dawowa kuma tsakaninsu da iyayensu."

Kai ne, Baba Akawu, ka gane tun da wuri abin da mu masu digiri uku-uku ba mu gane ba. Duniya ta haɗe, ɗanmu da ɗan wata ƙasa suna neman kujera ɗaya a gaban mutum ɗaya, kuma mutumin nan bai taɓa ganin ajinmu ba, lamba kawai yake gani. Kai ne tafintan lambobi, mai raka takarda inda ƙafarka ba ta taɓa zuwa ba.

Bara aka kawo sabon tsari. Ɗalibi ya cike buƙata, kwamfuta ta ɗauko makinsa ta aika wa makarantar waje kai tsaye, cikin minti biyu an gama. Kowa ya yaba, har da ni. Baba Akawu ne kaɗai ya ɗaga hannu a taron ma'aikata ya tambaya ina za a sa shafin bayani. Aka ce masa tsarin ba shi da gurbin ƙarin shafi, wani ma ya ce Baba ya huta hakanan, zamani ya wuce tafireta. Ya sauke hannunsa.

Cikin takardun farko da kwamfutar ta aika tsirara har da ta wata ɗalibata da ake kira Ta Gaba, domin shekara huɗu ba wanda ya riga ta bencin gaba. Mahaifinta mai gyaran famfo ne. Ta tashi tana jin yana mita cewa shi bututu yake haɗawa, amma abin da ke bi ta ciki ba zai rantse a kansa ba, shi ya sa ta ƙudurta sai ta karanci tace ruwan sha. Ta nemi gurbin digiri na biyu a wata jami'a ta waje da ta shahara a wannan fanni, gurbi mai cikakken tallafi, wanda ba a nemansa sau biyu. Sharaɗinsu shi ne a ci aƙalla tamanin a darasin awon sinadarai. Darasina ke nan, kuma sittin da huɗu na ba ta.

Amsarsu ta zo a taƙaice: ba ta kai ma'auni ba, amma in tana da ƙarin hujja, an ba ta kwana goma. Ba ta zo wurina ba, kuma ban ga laifinta ba, don ba a san ni da sakin fuska ba. Tagar Baba Akawu ta je. Anti tana zaune, ita ta ba ni labarin yadda aka yi.

"Baba, sun ce ban kai ba."

"Miƙo in gani, 'yata."

Ya sa tabarau ya bi takardar da yatsa, layi-layi, har ya tsaya a kan lambar. Ya tambaye ta wa ya koyar da darasin, ta faɗa. Sai ya cire tabarau ya dube ta da kyau.

"Ikon Allah! Sittin da huɗu a hannun wannan bawan Allah? 'Yata, ai ke ba faɗuwa kika yi ba, tarihi kika kafa."

Anti ta ce dariya ta ƙwace wa yarinyar alhali hawaye na zuba. Ya ce mata ta koma gida, kada ta amsa musu komai sai ya neme ta. Da ta tafi, ya daɗe yana kallon takardar. Ya san shafinsa na kullum ba zai isa ba a wannan karon, domin shafin cewa yake yi saba'in ne makin gwani, ita kuwa ko saba'in ɗin ba ta kai ba. Ba ma'aunin kwaleji ne ke neman fassara ba, nawa ne.

Sai ya karɓo makullin sito. Makin shekarun baya ba ya cikin kwamfuta, yana cikin manyan kundaye masu baƙin bango da aka jibge a kan kantoci, wasu gara ta fara lasar gefensu. Ya zaro na darasina guda goma sha tara, ya riƙa ɗauko su bibbiyu zuwa teburinsa, mutumin da likita ya hana shi ɗaukar abu mai nauyi saboda ciwon baya. Ya ja layuka a farar takarda da rula, ya bi sunaye ɗaya bayan ɗaya, kowane maki ya yi masa ɗan karan fensir a gidansa. Da safe yana sallamar masu layi, da rana lokacin da kowa ya tafi cin abinci yana ƙirga. Ranakun hutun mako ma ya zo, mai gadi ya buɗe masa. Kwana shida ya yi a kai, ya ƙirga sau biyu don kada a samu kuskure.

Ranar ta bakwai, da hantsi, aka ƙwanƙwasa ƙofar ofishina. Shekara goma sha tara muna gaisawa a baranda, bai taɓa taka ɗakin nan ba. Ya yi sallama ya tsaya, na nuna masa kujera, ya zauna a gefenta kamar mai jiran a kore shi. Ya ajiye takarda biyu a gabana.

"Ranka ya daɗe, hannu nake so ka sa mini a nan."

Na karanta ta farko. Ɗalibai dubu biyu da ɗari takwas da goma sha ɗaya ne suka bi ta hannuna. Mafi yawansu tsakanin arba'in da biyar da hamsin da biyar suke. Wanda ya fi kowa ya ci sittin da shida, sau ɗaya tak, shekara goma sha biyu da suka wuce. Mai bi masa ita ce Ta Gaba. Takarda ta biyu wasiƙa ce da sunana, zuwa ga ofishin karɓar ɗalibai na can, tana tabbatar da cewa lissafin nan gaskiya ne. Sai a lokacin na san abin da ya samu yarinyar.

Maimakon in ji tausayi, sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "Baba Akawu, wato so kake in rubuta wa mutanen wata ƙasa cewa ni hannun jarirai gare ni?"

"A'a, Malam, ba sai ka rubuta ba. Lissafin ya riga ya faɗa. Hannu kawai za ka sa."

"Ni ina kare darajar ilimi ne. Can da suke watsa casa'in kamar ana ba kaji tsaba, shi ne ilimi?"

"Ban sani ba, ranka ya daɗe, ni ban yi nisa a karatu ba. Abin da na sani, su ne masu kujerar, kuma saura kwana uku." Sannan ya ce, "Ka san sunan da yara suke kiranka?"

Na ce ban sani ba, ban kuma damu ba.

"Malam Sittin. Wasu suna ƙarawa da Ba Ciko."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Ban gama haɗiye wannan ba, sai ya zaro wani abu daga cikin fayil, takardar jarrabawar yarinyar ce, da jan birona a kanta. Ya ce shi bai san sinadari ba, amma yana roƙon in nuna masa inda maki talatin da shida suka zube, ko zai samu abin da zai faɗa mata in ta tambaya. Na ja takardar a fusace, da niyyar in rufe masa baki cikin minti biyu. Na bi tambaya ta farko, ba kuskure. Ta biyu, ta manta rubuta ma'auni a ƙarshen amsa, maki ɗaya. Ta huɗu, ta bi doguwar hanya inda akwai gajera, amma ta isa. Na karanta har ƙarshe, na sake dawowa farko ina neman laifi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Duk iya ƙoƙarina, tara na samu. Sauran ashirin da bakwai ba ita ta zubar ba, ni na riƙe, don kawai a gidanmu ɗalibi ba ya cin na malami.

Na ɗauki jan biro na ce, "Kawo kundin, in gyara makin."

Nan ne na ga Baba Akawun da ban sani ba. Ya ɗora tafin hannunsa a kan takardar, muryarsa ba ta ɗaga ba.

"Wannan kam a'a, Malam. Abin da ya shiga kundi ya shiga. In na bari aka canza lamba ɗaya yau don alheri, gobe wani zai canza don wani abu, kuma hatimina ya zama na banza har a can. Ni ba na canza lamba, bayaninta nake yi."

Na sa hannu. Na kuma roƙe shi ya bar ni in ƙara sakin layi ɗaya da kaina, inda na rubuta cewa a cikin shekara goma sha tara ban koyar da wadda ta fi ta fahimtar aikin ba, kuma ƙarancin makin daga ma'aunina ne, ba daga iliminta ba. Ya karanta, ya gyara mini waƙafi ɗaya, ya ce yanzu ya yi.

Saura hatimin magatakarda, wanda in babu shi wasiƙar ba ta da nauyi. Magatakardan namu mutum ne mai tsoron duk abin da ba ya cikin littafin ƙa'ida. Ya juya takardun gaba da baya ya ce, "Baba, wa ya sa ka wannan aikin?"

"Ba wanda ya sa ni, ranka ya daɗe. Na duba littafin kuma, ba inda aka hana."

Magatakarda ya ce a bar masa ya yi nazari zuwa mako mai zuwa. Baba Akawu ya ce to, ya fita ya zauna a bencin ƙofar ofishin da koren fayil a cinya. Duk wanda ya shiga ya gan shi, duk wanda ya fito ya gan shi, yana gaida kowa da fara'a. Ya yi haka wunin ranar, ya dawo washegari da safe. Kafin azahar magatakarda ya leƙo ya ce, "Don Allah Baba, kawo in buga, ka tashi daga ƙofata." Ranar ta tara Anti ta ɗauki hoton takardun ta aika ta imel, Ta Gaba tana tsaye a bayanta tana addu'a.

Daga nan sai shiru. Mako ɗaya, mako uku, wata guda. Ranar ritayarsa ta zo, aka ba shi agogo, ya miƙa makulli, ba labari. Yarinyar ta daina zuwa kwaleji. Ni kuwa duk lokacin da na wuce tagar nan na ga sabon akawu, sai in tuna cewa in aka hana ta, ni na hana ta.

Makon jiya da safe Ta Gaba ta kira ni, ta ce ba ta san gidan Baba ba. Na ɗauke ta ita da mahaifinta a mota, shi da kayan aikinsa a jiki, don daga wurin gyara ta kwaso shi. Mun tarar da Baba Akawu a ƙofar gida yana ɗaure ƙafar wata kujera da waya. Ta durƙusa ta miƙa masa takardar da ta buga, ya ce tabarau yana ciki, ta karanta masa.

Sun ba ta gurbin. Matar da ke kula da karɓar ɗalibai ta rubuta cewa kwamitinsu ya sake zama saboda lissafin, cewa ba su taɓa samun bayani mai tsabta irin wannan daga ko'ina ba, kuma tana neman izini su ajiye shi don duk wanda zai nema daga kwalejinmu nan gaba. Baba Akawu ya ce ta sake karantawa. Ta sake. Ya gyaɗa kai, sannan ya ce, "Kin duba sun rubuta sunanki daidai da na fasfo? Harafi ɗaya yana iya tsayar da mutum a filin jirgi."

Mahaifinta ya kama hannunsa da hannu biyu. Ya ce, "Yaya, ni ban san me zan ce ba. In famfonka ya taɓa lalacewa, ko ina nake..." Bai ƙarasa ba. Baba Akawu ya ce akwai na bayan gida da yake ɗiga tun bara, kuma ba zai yi masa kara ba. Aka yi dariya, kowa yana share ido a ɓoye.

Da uban da 'yar suka shiga gaida mai ɗakin Baba, muka rage mu biyu a ƙofa. Akwai tambayar da ta daɗe tana ci na tun ranar da ya zo ofishina, sai na yi ta maza na yi ta. Na ce, "Baba, kafin ita, akwai wasu nawa da makina ya tsayar?"

Bai ce bari ya tuna ba. Ya ce, "Bakwai, waɗanda na sani. Na maƙala musu shafin, bai isa ba."

"To me ya hana ka zuwa wurina tun a na farko?"

Ya sunkuyar da kai yana murɗa wayar da ke hannunsa. "Tsoronka na ji, Malam. Akawu ba ya gyara wa malami. Wannan karon ma don na ga tafiya zan yi ne, na ce ko ka kore ni, kwana nawa ya rage. Su bakwai ɗin nan suna raina. Da na yi ƙarfin hali tun farko, da wataƙila..." Mutumin da ya ƙirga maki dubu biyu da ɗari takwas don 'yar da ba tasa ba, shi ne yake ɗora wa kansa laifin da nawa ne.

Baba Akawu, na gode. Na gode a madadin Ta Gaba, da duk waɗanda suka tsallaka da shafinka a bayansu ba su sani ba. Na kuma gode a madadin kaina, don ka gyara ni ba tare da ka wulaƙanta ni ba, alhali na cancanta. Allah ya ba ka lafiyar baya, ya sa ka ci moriyar hutunka, ya saka maka da abin da agogon bango ba zai iya ba. Ga 'yan'uwana malamai, ku duba alƙalumanku, domin lambar da kuke rubutawa a aji tana tafiya inda ba ku nan balle ku kare ta. Ga akawuna da masu tsaron tagogi a ko'ina, in kun ga abin da manya ba su gani ba, ku ƙwanƙwasa ƙofa tun da wuri, kada ku jira sai ana gobe ritaya. Ga masu tsara kwamfutarmu kuma, a buɗe gurbin shafi ɗaya, na riga na kai takarda a kan haka kuma ba zan gaji da zaman benci ba.

Kafin mu tashi na roƙe shi sunayen bakwai ɗin. Ya karanto su da ka, kowane da shekararsa da makinsa, na rubuta a bayan katin sana'a da mai gyaran famfo ya ba ni, don ba ni da takarda. Zuwa yau na samu uku. Biyu sun karɓe ni da mutunci fiye da yadda na cancanta. Na ukun shi ne mai sittin da shida, yana koyarwa a wata ƙaramar sakandare a bayan gari. Na same shi a ƙarƙashin bishiya yana duba takardun jarrabawa, na faɗa masa cewa a cikin kusan mutum dubu uku ba wanda ya kai shi. Ya dube ni, jan biro a hannu, ya ce, "Malam, shekara goma sha biyu ina zaton ni ne ban iya ba."